Kilomita 50 ta turbar Mirya, karo na biyu

'Yan uwa masu koyon gudun nesa, ina gaishe ku. Ranar Lahadin nan Allah ya nufa na cika kilomita 50. Ga waɗanda suka shigo cikinmu kwanan nan, gudun marato kilomita 42 ne da mita 195. Duk abin da ya haura haka shi ake kira ultra, kuma da 50 yawanci ake farawa.

Mu a Damagaram ba mu da kurmi irin na kudu. Dajinmu gonaki ne da itatuwa tsaye a cikinsu, sai duwatsu da rairayi. Na tashi daga unguwar Birni bayan sallar asuba, sanyin hunturu na ratsa riga, na nufi gabas wajen garin Mirya. Ta kwalta Mirya kamar kilomita 18 ce, amma ni turbar ƙauyuka da burtali na bi, na yi zagaye don lissafin zuwa da dawowa ya cika. Ƙanena yana kan babur da jarkar ruwa, muna haɗuwa duk inda turba ta kusanci hanya.

Kun tuna a watan Oktoba na gwada na kasa. A kilomita 38 sha-raɓata ta ɗaure kamar an ja igiya, na zauna a gindin aduwa har aka zo aka ɗauke ni. Laifina ne. Na ɗauka tafiya a tsakiyar gudu abin kunya ce, ko rairayi ya kai idon sawu sai na kutsa da gudu. Kuma ban sa komai a ciki ba sai ruwa zalla, ga zufa na fita da gishirin jiki.

Wannan karon tun daga kilomita ta biyar na fara tafiya duk inda ƙafa ke nutsewa, tun ban gaji ba. Wannan ya fi komai wuya, domin jiki na cewa akwai ƙarfi. Duk minti 40 sai na ci dabino uku, na kurɓi ruwan gishiri da sukari, irin ƙunshin nan da ake damawa a lita ɗaya. Ƙuli-ƙuli bai yi mini ba, da baki ya bushe ba ya haɗiyuwa.

Sai karangiya. Wanda bai bi burtali bayan girbi ba ba zai gane ba. Tana manne wa safa da igiyar takalmi, ta zame ciki, kowane taki tana sukar idon sawu. Na kai wa tela ƙafar tsohon wando, ya ɗinka mini rufi da roba sama da ƙasa, ya sauko ya rufe bakin takalmin. Rairayi ma ya daina shiga, ban yi bororo ko ɗaya ba. Wadda ta kama ku, ku jiƙa yatsu kafin ku cire, ba ta cika suka ba.

A dawowa, rana ta take, gawo ne ya cece ni. Itacen nan da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, daidai lokacin da muke neman inuwa. Manoman da suka bar tsiro ya tashi a gonakinsu, abin da ake kira sassaben zamani, na yi musu addu'a da gaske. Daga kilomita 44 ba na ƙirga nisa, ina duban gawo na gaba ne kawai in ce can zan kai.

Awa bakwai da 'yan mintoci na yi. Farcen babban yatsana na dama ya yi baƙi, alamar takalmin ya matse bayan ƙafa ta kumbura, don haka na gaba zan ƙara lamba ɗaya. Makon nan hutu nake, sai tafiya da yamma. Lahadi mai zuwa kilomita 10 a hankali, wanda ke son ganin ɗinkin rufin ya same ni ƙofar fada bayan asuba.