Haipapop na Faransanci a kunnen da ya saba da nanaye

Daga cikin waƙoƙin da matasan Garwa ta Kamaru ke tura wa juna ta Xender a rumfunan cajin waya, akwai wani kiɗa da ya fara kutsowa tsakanin na Legas da na Abijan, wanda mai jin sa a karon farko zai rantse lasifika ce ta fashe. An siranta muryar mawaƙi har ta koma ta yaro, ganga tana gudu, sauti yana tsagewa, kuma kafin mutum ya kama abin da ake faɗa waƙar ta ƙare, domin da yawansu ba su wuce minti 2 da 'yan daƙiƙoƙi ba. Haipapop ake kiransa, kuma reshensa na Faransanci ne ya fi saurin isowa gare mu, tunda da wannan harshe yaranmu suke karatu.

Asalinsa ba Faransa ba ne. A Landan ne A. G. Cook ya kafa kamfanin waƙoƙi na PC Music a 2013, inda shi da abokan tafiyarsa, musamman SOPHIE wadda ta rasu a Atina a Janairun 2021, suka ɗauki kayan kiɗan pop na kasuwa, wato zaƙi da sheƙi da amshi mai saurin kama baki, suka ƙara musu gishiri har suka wuce kima da gangan. A 2019 wasu Amurkawa biyu masu suna 100 gecs suka yi tashe da irin wannan kiɗa, a shekarar ce kuma Spotify ya buɗe jerin waƙoƙi mai suna hyperpop, sunan ya bi kiɗan ko da yake wasu masu yin sa ba su taɓa son sa ba.

A Faransa abin ya shigo ne ta ƙofar rap. Laylow, ɗan Tuluz, ya share fage a 2020 da muryar da ya mayar tamkar ta na'ura, sannan kullen korona da aka fara a watan Maris na shekarar ya tsare samari a ɗakunansu da kwamfuta da intanet, suka riƙa haɗuwa a dandalin hira na Discord suna zuba ayyukansu a shafin waƙoƙi na SoundCloud. Daga wannan ayari ne irin su Winnterzuko da Realo suka fito, suna ɗora baitocin rap a kan kiɗan rawa na Turai na shekarun 2000 da sautukan wasannin bidiyo da suka tashi da su. Abin da suke rerawa kuwa galibi kaɗaici ne da talauci da kewar yarinta, ta yadda kiɗa yana tsalle, magana tana kuka.

Wani ɗan ƙanwata da ke haɗa kiɗa da manhajar FL Studio a shagon da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba ya nuna mini yadda ake yi. Ya naɗi muryarsa, ya buɗe Auto-Tune, manhajar gyara murya, ya murɗa ma'aunin saurin gyara zuwa sifili, nan take muryar ta daina zamewa daga sauti zuwa sauti, ta koma tana tsallakawa mataki-mataki. Bayan haka ya ɗaga ta sama, ya tura ƙarar ganga har ma'aunin da ke gefen allo ya yi ja ya ƙi sauka. Na ce masa duk mai haɗa sauti an koya masa ya guji jan nan, domin alama ce ta cewa na'ura ta yanke kan sautin. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai jan shi ne kiɗan."

Wannan murya da 'yan jaridar Faransa ke kallo a matsayin sabon abu, kunnen Bahaushe ya daɗe da sanin ta. Auto-Tune ya fito tun 1997, kuma situdiyoyin Kano sun rungume shi hannu bibbiyu a waƙoƙin nanaye na finafinai, inda ake siranta muryar mace a kan fiyano domin ta kusanci ta mawaƙan Indiya. A Sakkwato ne Mdou Moctar, Buzun Nijar, ya naɗi kundinsa na farko a 2008 da irin wannan murya, waƙoƙin suka yaɗu a Sahel daga waya zuwa waya. Bambancin yana cikin niyya. Mai nanaye yana neman zaƙi da santsi ne, yana so na'ura ta yi wa muryar kwalliya, shi kuwa mai haipapop kamar tela ne da ya juya riga ya bar ɗinki a waje domin kowa ya ga inda allura ta bi.

Ina ganin harshen ma ya taimaka musu. Faransanci ba ya bambanta ma'ana da hawa da saukar murya, saboda haka ana iya ja da tauna kalma yadda aka ga dama ba tare da ta zama wata kalmar ba, balle ga matasan da dama can sun saba juya gaɓoɓi da cusa kalmomin Larabci da Ingilishi a zancensu. Hausa tana da karin sauti, kuma waƙarta tana tafiya ne bisa doguwar gaɓa da gajera, don haka wanda ya ƙara mata gudu fiye da kima zai iya wayar gari da baitin da Bahaushe ba zai gane ba. Fulatanci da ya mamaye kasuwannin Garwa da Marwa ba shi da karin sauti irin na Hausa, kuma ba zan yi mamaki ba idan shi ya riga shiga wannan kiɗa a nan.

Ba duka nake yabawa ba. Kayan aikin suna da arha, kowa na iya saukar da sautukan da wani ya riga ya shirya, shi ya sa waƙoƙi goma sukan zama ɗaya a kunne, ƙara kuma takan rufa wa marar abin faɗa asiri. Waɗanda suka fi burge ni su ne masu kawo ganga daga gida, irin su Théodora, 'yar asalin Kwango da ta yi fice a 2024 da gauraya wannan salo da kiɗan buyon na tsibirin Dominika. Ta wannan hanya nake ganin kiɗan zai iya samun gindin zama a wurinmu, domin har yanzu a abin sauraro na kunne yake rayuwa, ban ji mai kiɗan biki ko ɗan acaba ya saka shi ba. Ɗan ƙanwar tawa ya fara naɗar kalangu yana yanka shi gunduwa-gunduwa a kwamfuta, kuma matsalar da ta tsaya masa yanzu ita ce kalangu magana yake yi, idan aka ɗaga sautinsa sai kirarin da yake faɗa ya ɓace.