Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gida Namu, Fili na Wani

A makon jiya na tsaya ne a ranar da na ajiye aikin tuƙin bas a Manchesta bayan shekara 31, na dawo gida da katin bankwana da ciwon gwiwa. Gwiwar nan ce ta jawo maganar yau, domin gidanmu bene ne mai miƙaƙƙiyar matakala, har ta kai Hajiya ta fara yi mini shimfiɗa a falo.

Wani tsohon abokin aikina, Bature, shi ne ya gayyace mu mu ga inda ya koma a yankin Lankasha, kusa da teku. Irin gidajen nan ne da ake ƙerawa a masana'anta, a ɗauko su a babbar mota rabi da rabi, a haɗa su a kan daɓen siminti cikin wani fili mai shinge da 'yan fansho ke zama. Gaskiya wurin ya shiga raina. Babu matakala sai 'yar ta bakin ƙofa, ɗakunan kwana biyu ne, ga shiru, kuma kuɗinsa bai kai abin da za mu samu a gidanmu ba, har sai an yi rara mai auki. Harajin ƙaramar hukuma ma galibi a rukuni mafi ƙasƙanci yake faɗawa.

Da muka dawo na baje takardun a kan tebur, na yi kwana uku ina bin su layi-layi. Abin da mutum yake saya shi ne gidan kawai, filin da ke ƙarƙashinsa kuwa na mai wurin ne, kuma kowane wata za ka biya shi kuɗin zama har iyakar rayuwarka, ana sake duba kuɗin duk shekara bisa hauhawar farashi. Saboda ba ka da fili, banki ba ya ba da irin bashin sayen gida da aka saba, sai dai ka kawo kuɗinka a dunƙule. Dokar Birtaniya ta 1983 kan irin waɗannan gidaje ta ba mazauna kariya, mai fili ba ya iya korarka sai ta hanyar kotu, amma ita ce kuma ta ba shi damar karɓar har kashi 10 cikin 100 na kuɗin ranar da ka sayar. Wannan ya tsaya mini a wuya, ni da na taso a Zariya ina jin mahaifina yana cewa arzikin gida a ƙasarsa yake, ba a jinka ba.

Duk da haka lissafin kuɗi bai karya mini gwiwa ba, tambayoyin Hajiya ne suka yi. Ta ce, "Alhaji, idan auren 'yarmu ya samu matsala ta dawo da yaranta, ina za ta sauka?" Dokar wurin ta ce sai mai shekara 50 zuwa sama zai zauna, jikoki ziyara kawai za su kawo. Sannan ta tambayi nisan masallacin Juma'a da shagon naman halal, alhali a nan unguwarmu ta Cheetham Hill a Manchesta da sandata nake takawa zuwa duka biyun. Daga ƙarshe ta yi ƙasa da murya ta ce, "Idan ta Allah ta kasance cikin dare, wa zai zo ya yi maka wanka?"

Ban ba ta amsa ba. Washegari na kira wani magini ya zo ya auna ɗakin cin abincinmu na ƙasa, ya gaya mini abin da za a kashe a mayar da shi ɗakin kwana mai banɗaki. Takardun Lankasha kuwa ban yar da su ba, suna cikin aljihun tebur, domin farashin da maginin ya faɗa, da abin da babban ɗanmu ya ce da ya ji shi, su ne labarin mako mai zuwa in Allah ya kai mu.