Fatar jar akuya da abin da na koya a rumfar dukawa

Duk wanda ya tashi a Maraɗi ya san jar akuya. Tana cikin gidajen Bagalam da Mokoyo da Ɗan Gulbi, tana cin dussa da harawa, tana yawan haihuwar tagwaye, iyayenmu mata na sayar da ƴaƴanta su yi wa ɗiya kayan ɗaki. Amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa riƙe fatarta bayan an jeme ta, suka murza ta tsakanin yatsu suka ji abin da Allah ya ajiye a jikin wannan dabba. Ni ma sai da na girma, ina koyarwa a lakwal, sannan na fara dukanci da yamma da ranakun hutu. Ba gadona ba ne, kuma ba shi ke ciyar da gidana ba. So ne kawai. A cikin abokan aikina akwai mai kiwon tantabaru, akwai mai ɗinkin hula, akwai wanda duk Asabar yana lambunsa a bakin gulbi. Ni fata ce ta kama ni.

Gafakar Alƙur'anin kakana ce ta kai ni. Ɗinkinta ya kwance ta gefe guda, na kai wa wani tsohon baduku mai rumfa kusa da babbar kasuwa. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce fatar akuya ce, jimar bagaruwa, kuma fatar lafiyarta ƙalau, zaren ne ya gaji. Abin ya tsaya mini a rai, domin gafakar ta kusa sa'ar mahaifina, alhali jakar roba da na saya wa ɗiyata a farkon shekarar karatu ta fara ɓarewa tun kafin hutun farko. Da na ce ina son in koya, sai ya dube ni ya ce, "Mushe, mi kaka biɗa cikin wanga aiki, kai da ke da alli da albashi?" Na ce, "Baba, hannuna nake so ya iya wani abu." Ya ce in riƙa zuwa bayan la'asar.

Akwai dangin da ba su ji daɗi ba. A ƙasar Hausa dukanci sana'ar gado ce, kuma har gobe akwai masu ganin bai kamata ɗan boko ya zauna a ƙasa yana huda fata ba. Ban yarda da su ba. Sirdin Sarki da linzaminsa da kuben takobin da ake taƙama da su ran hawan Salla, duk daga hannun baduku suka fito.

Baba bai fara ba ni basilla ba. Majema ya tura ni, ya ce wanda bai san yadda fata ta zama fata ba, ba zai iya zaɓenta ba. Aikin hannu uku ne: mahauci ya feɗe, majemi ya jeme, baduku ya yanka ya ɗinka. Warin majema sai mai haƙuri, amma a can na ga ilimin da ba a rubuta ba. Ana jiƙa fatar ta yi laushi, a tsoma ta cikin ruwan toka har gashin ya saki, a ɗora kan icce a kankare gashi da sauran nama. Daga nan a sa ta cikin ruwan fataka, wani ganye mai farin ƙaro da ke yaɗo a daji, ko ruwan kashin tantabara, don ta saki jiki. Sannan a zo ga bagaruwa. Ana daka ƴaƴanta a jiƙa, a riƙa cuɗa fatar a ciki ana sake ruwa, har sinadarin ya ratsa ta ciki da waje. Shi ne ke hana ta ruɓewa. Majemin ya nuna mini yadda ake ganewa: a ɗan yanki bakin fatar ta wajen wuya, inda ta fi kauri, a duba. In akwai farin layi a tsakiya, jimar ba ta kai ba, kuma irin wannan fata in ta bushe za ta ƙandare, in ta sha ruwa ta yi wari. Tun daga ranar ba na sayen fata sai na duba wuyanta. Bayan jima sai a shafa mata man gyaɗa, a buga ta, a ja ta, a murza har ta yi taushi.

Rini ne ya fi burge ni, watakila saboda ina koyar da ilimin kimiyya a ƙananan azuzuwa. Jan launin nan da aka san fatarmu da shi, daga karan dafi yake fitowa, wata irin dawa da ake shukawa don jan kubenta kawai. Ana daka shi a jiƙa da ruwan toka ko kanwa, a shafa, sannan a bi da ruwan lemun tsami, sai jan ya buɗe ya yi haske. Launin ɗorawa daga saiwar rawaya ake samunsa. Baƙin kuwa, wanda dukawa ke kira kuloko, ƙarfe ne ake jiƙawa da abu mai zaƙi a bar shi ya yi tsami. Shi kansa ruwan ba baƙi ba ne sosai, amma da ya taɓa fatar da ta sha bagaruwa sai wurin ya koma baƙi wuluk, domin ƙarfe da sinadarin bagaruwa ne ke haɗuwa. Wannan ya sa Baba ba ya yarda a ajiye wuƙa ko ƙusa kan jiƙaƙƙiyar fata, kuma ba ya ɗiban ruwan aiki a tsatsattsen gwangwani. Tabon ƙarfe ba ya fita.

Wannan fata ta daɗe da yin suna. Ayarin raƙuma sun yi ta ketare Sahara da fatun jar akuyar Sakkwato da Kano da Maraɗi zuwa Tarabulus da Maroko, daga can Turawa suka saye suka yi bangon littattafai da safar hannu da takalma, suna kiranta fatar Maroko. Ƙwayarta, wato ɗige-ɗigen da ke saman fatar, ƙanana ce a matse, ga ta siririya ga ƙarfi. Don kare irin jar akuyar ne aka buɗe cibiyar kiwon awaki a nan Maraɗi a 1963, kuma manyanmu na tuna masana'antar jima ta SONITAN lokacin da take aiki a garin nan. Yau mafi yawan fatunmu ɗanyu suke fita, a bi da su ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Kano, a jeme a can, wasu su wuce Italiya da Sifen. Wannan na ci mini rai, musamman in na ga kasuwarmu cike da jakunkunan roba. Hatta zip da gam da zaren da muke aiki da su ta wannan hanya suke shigowa, shi ya sa rufe iyakar Nijar da Najeriya na 2019 da na 2023 suka taɓa har ƙaramar rumfar Baba.

Da aka zo yanka, abu na farko da na koya shi ne fata guda ba ɗaya take ko'ina ba. Gadon baya ya fi ƙarfi, ba ya miƙewa. Ciki da hammata sakwaf suke. Igiyar rataya jaka da duk abin da zai ɗauki nauyi, a tsawon gadon baya ake yanka su. Ciki kuwa na shafi ne da aljihun ciki. Fatar akuya mace ko taure ta fi ta bunsuru laushi, ta tunkiya kuma tana da taushi amma ba ta da ƙarko, samanta na iya ɗayewa. Kafin a haɗa baki biyu sai an feƙe su da aska an rage kauri, in ba haka ba ɗinkin zai yi tudu. Ana huda ramuka tukuna da basilla, tazara ɗaya, sannan a bi da zare ta fuska biyu, ta yadda ko zare ɗaya ya tsinke ɗayan na riƙe. Na fara da gidan laya, na koma alabe, na yi gidan salula, sai daga baya aka bar ni na taɓa jaka. Ƙyallin ƙarshe da gindin kwalba ake fito da shi, a yi ta gurzawa kan katako mai santsi.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Da hunturu fata na bushewa ta yi tauri, sai an riƙa shafa mata ɗan mai kafin a lanƙwasa ta. Da damina fumfuna ce abokiyar gaba, don haka ba a ajiye fata a leda, ratayewa ake yi inda iska ke wucewa.

Amma darasin da ya fi kowanne girma a wurina bai shafi rumfa ba, ya shafi wurin fiɗa. In ka ɗaga jemammiyar fata ka duba ta a hasken rana, za ka karanta duk abin da ya same ta. Ga kurjin ƙaya, ga cizon kaska, ga tabon ƙazuwa. Waɗannan na rayuwar dabba ne, ana iya kauce musu wajen yanka. Abin takaici shi ne sawun wuƙa. Mai fiɗa yana sauri, yana bin fatar da tsinin wuƙa, sai ya bar tsage-tsage ta ciki waɗanda ba a gani sai bayan jima, wani ya huda, wani ya rage kaurin wurin har ya zama da ka ja zai yage. Fatar da za ta ba da jaka guda sai ta koma ta ƴan layu. Akuya da rago ba su bukatar wuƙa da yawa. In an tsaga inda ya kamata, an hura, da dunƙulen hannu ake raba fata da nama, ta fito sumul kamar an tuɓe riga.

Sai kuma shanya. Mutane da yawa na shimfiɗa ɗanyar fata a ƙasa cikin ranar Maraɗi, suna ganin ta bushe da wuri. Wajenta ne ya bushe, cikinta ya dahu, kuma a majema za ta narke ta zama tsumma. Abin da ya dace shi ne a kankare kitse da naman da suka maƙale, a wanke jinin, a barbaɗa gishiri sosai ta gefen nama, ko a miƙe ta a rataye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kada a naɗe ta da ɗuminta a jefa a lungu sai an gama suya.

Ranar Sallar Layya ce wannan hasara ta fi yawa, domin a yini guda ake yanka raguna a kusan kowane gida, kuma hankalin kowa na kan nama. Malamanmu sun ce ba a sayar da fatar layya, amma mutum na iya amfani da ita ko ya yi sadaka da ita. To sadakar da aka huda aka bari ta ruɓe, wa za ta amfana? Yanzu duk Layya nakan sayi gishiri in zaga maƙwabta tun da safe. Wasu na dariya su ce, "Mushe baduku ya iso," wasu kuma su miƙo mini fatar su ce in yi yadda na sani. Waɗanda ke son buzun salla, mukan kai wa majemi ya jeme da gashinta. Samarin unguwa da ke taya fiɗa sun fara gasar wanda zai fitar da fata ba huji ko ɗaya, kuma majemin ya ce yana gane fatun unguwarmu.

Bana tumtum nake son in gwada. Baba ya ce sai na tara fatun akuya masu kauri ɗaya, a rina su rana ɗaya cikin kwano ɗaya, domin karan dafin yau da na gobe ba sa ba da ja iri ɗaya. Na riga na yi magana da wani mahauci da ke fiɗa da hannu, zai riƙa ware mini na akuyoyi mata duk ranar Litinin da Juma'a.