Hasashena kan kakar zari-ruga mai zuwa

Na zauna rubuta hasashen kakar zari-ruga mai zuwa, sai na ga cewa na ƙasashe ya fi na ƙungiyoyi sauƙi nesa ba kusa ba. Afirka ta Kudu na sa a gaba, domin ƙasar da ta ɗauki Kofin Duniya a 2019, ta sake ɗauka a 2023 bayan ta doke New Zealand da ci 12 da 11, ta nuna cewa ƙartin 'yan wasanta na gaba ba sa karaya idan wasa ya yi zafi. A gasar Ƙasashe Shida ta Turai kuwa, Faransa nake bai wa kofi, ko da yake Ireland ba kanwar lasa ba ce.

Wajen ƙungiyoyi ne alƙalamina ya tsaya. Toulouse ta Faransa, wadda ta ci kofin zakarun Turai sau shida, takan rasa fitattunta irin su Antoine Dupont duk lokacin da Faransa ta kira su, alhali Top 14, babbar gasar ƙungiyoyin Faransa, ba ta jiran kowa. Duk da haka ita na zaɓa a kan Leinster ta Ireland a kofin na Turai, wadda ta faɗi a wasansa na ƙarshe sau uku a jere daga 2022 zuwa 2024.