Talata, ranar rigakafi

Tun kafin in buɗe firij mata sun cika rumfar asibitinmu da goyo. Wasu daga ƙauyukan bayan Argungu suka taso da asuba, don su koma kafin rana ta take, ga aikin shinkafa a fadama yana jira.

Jaririn farko kwanansa biyu a duniya, sai na yi masa BCG, rigakafin tarin fuka. Duk cikin alluranmu ita ta fi buƙatar natsuwa. Kwantar da allurar ake yi a saman damtsen hagu, bakinta kaɗai ya shiga cikin fata, a tura 0.05 ml har wurin ya ɗan taso kamar cizon sauro. In bai taso ba, to an zarce. Na gaya wa uwar nan da 'yan makonni zai yi ƙurji ya bar tabo, kada a matse, kada a shafa komai.

Sai 'yan mako 6, mako 10 da mako 14, masu karɓar Penta, rigakafin cututtuka biyar a haɗe. Wannan ta cikin tsoka ce, a tsaye ake soka ta, ba karkacewa. Ina riƙe da cinyar wata yarinya kakarta ta leƙo ta ce, "Malama, don mi ba ki yi mata ga ɗuwawu? Mu can aka yi muna."

Na ce, "Inna, ɗuwawun jariri kitse ne, tsokar wurin ba ta ƙwari sai yaro ya fara tafiya. Gefen cinya ta waje ya fi nama, kuma ba hatsari."

Hatsarin da nake nufi babbar jijiya ce da ta taso daga ƙugu ta ratsa ɗuwawu ta gangara bayan ƙafa. Ko ga babba, sai ka raba ɗuwawun gida huɗu a idonka, ka soka a na sama ta waje. Akwai wani yaro a unguwarmu da yake jan ƙafa ɗaya, mutane na cewa shan inna ne, alhali allura aka yi masa a wani kemis aka taɓa jijiyar. Duk ranar da na gan shi sai raina ya ɓaci. A damtse ma akwai ƙa'ida: yatsu biyu zuwa uku ƙasa da ƙashin kafaɗa, kuma ba ya ɗaukar ruwan magani mai yawa.

Ta ƙyanda, ta 'yan wata 9, ƙarƙashin fata take tsayawa. Ka tattaro fatar da yatsu biyu, ka shiga a karkace. Jini bai cika gudana a kitse ba, don haka magani a hankali yake shiga jiki. Haka masu ciwon suga ke yi wa kansu insulin. Tsoka kuwa jini ya wadace ta, ta fi saurin kwasa.

Wajen azahar aka shigo da wani yaro yana jijjiga, gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro. Allurar jijiyar jini ta fi dacewa da shi, tunda kai tsaye take shiga jini, amma jijiyoyinsa sun ɓuya. Muka yi masa artesunate a cinya, muka tura su babban asibiti. Ta jijiya ba abin wasa ba ce, in ta shiga ba ta dawowa. Benzathine penicillin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, alal misali, tsoka kaɗai ake yi wa, ta jijiya tana iya kisa.

Bayan la'asar wani dattijo ya zo da zazzaɓi, yana cin abinci, ba ya amai. Na miƙa masa ƙwayoyin kwana uku, ya ture.

"Ɗiyata, ƙwaya ba ta kama ni. Ki yi min allura."

"Baba, ai cikinka lafiya lau yake, wannan za ta yi maka aikin da allura za ta yi, ba zafi, ba ƙurji."

Mun daɗe muna ja kafin ya karɓa, ya haɗiyi na farko a gabana da ƙyar. Da ya fita na ga ya karya kwana ta wajen kasuwa, inda kemis yake.