Baffa ya ce in bar masa fuskarsa

Tun da na baro gidan Baffa da yamma maganarsa take ta kai-kawo a zuciyata, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta ta kafin in kwanta, ko Allah Ya sa ta sake ni.

Safiyar dai lafiya lau ta fara. Sanyi ya soma shigowa, amma bai hana mutanen zaurenmu na WhatsApp fitowa tattaki ba. Anti Rabi ta turo hoton adadin takun da wayarta ta ƙirga mata, Maman Khalifa kuma ta ce ta zagaya tsakar gida na minti ashirin bayan karin kumallo, tunda maigidan bai cika son fitar sassafe ba. Na yi aikina na ofis cikin nishaɗi, ina ta tsara abin da za mu saka ranar 14 ga Nuwamba, wato ranar ciwon suga ta duniya.

Abin da na ƙudurta shi ne in ɗauki Baffa, wanda ke fama da ciwon, a ɗan gajeren bidiyo yana tattakinsa na bayan sallar asuba, daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya ya dawo, in saka a Facebook da TikTok. Dalilina a fili yake. Yawancin waɗanda ke zauren matasa ne, alhali masu fama da ciwon iyayenmu ne, kuma dattijo ba ya barin abin da ya saba don wata yarinya ta rubuta masa nasiha a waya. Idan ya ga sa'ansa mai furfura da babbar riga yana taka ƙasa da ƙafarsa, wannan kam zai iya sa shi ya yi tunani.

Na same shi a zaure ya cire takalminsa sau-ciki da safa, yana duba tsakanin yatsun ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗauki ƙaramin madubin Goggo ya leƙa tafin ƙafar. Haka yake yi kullum tun da likita ya gaya masa cewa suga kan kashe jijiyoyin ƙafa, har mutum ya taka ƙusa bai ji ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo. A gefensa akwai 'yar jakar na'urar gwaji da littafin makarantar da yake rubuta awonsa na kowace safiya. Bayan mun gaisa na ce, "Baffa, alfarma na zo nema." Ya ce, "Uwata, faɗi mu ji." Na zayyana masa komai, ya saurare ni har na dire bai katse ni ba, sannan ya mayar da safarsa a hankali ya ce, "Maganata ki kai ta duk inda kika ga dama, domin ban taɓa ɓoye ciwona ba. Amma fuskata ki bar mini ita."

Na ce masa fuskar ce ake bukata, domin mutane sun fi gaskata abin da suka gani. Sai ya tuna mini da yadda aka yi da shi lokacin da ya fara fita. Masu Adaidaita Sahu suna tsayawa suna cewa Alhaji ya shigo a rage masa hanya, abokansa na Kantin Kwari suna tambayar ko motar ce ta lalace, har wani maƙwabci ya aiko masa da kuɗi a ambulan don ya zaci kasuwa ce ta karye. Ya ce duk wannan ya jure shi, domin waɗanda suka yi masa haka yana ganinsu ido da ido, kuma ɗaya bayan ɗaya ya yi musu bayani. Mutanen cikin waya fa, bai san su ba, ba su san shi ba, wani zai yi dariya, wani zai ce riya ce, wani kuma ya ce tsohon nan ya fi yara ƙarfi, kuma shi yana tsoron kambun baka a kan lafiyar da ya sha wahala kafin ya same ta.

Ban haƙura nan da nan ba. Na kawo masa binciken da aka yi a Amurka aka fitar a 2002, inda aka ɗauki mutanen da sugansu ya fara hawa amma bai kai matakin ciwo ba, aka sa wasu suka rage ƙiba kaɗan suna motsa jiki na minti 150 a mako, yawancinsu da tafiyar ƙafa kawai, sai haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, alhali waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga ta metformin kashi 31 ya ragu. Na ce masa wannan minti 150 ɗin shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya yi, rabin awa ke nan sau biyar a mako, kuma akwai dubban mutane a cikin garin nan da awon sugansu na safe kafin cin abinci yake tsakanin 100 da 125 ba su sani ba, waɗanda har yanzu ƙofa a buɗe take gare su. Ya gyaɗa kai ya ce duk ya yarda, ai shi ma abin da yake yi ke nan. Sannan ya yi mini tambayar da ta tsaya mini a rai: "A cikin masu danna miki alamar so, mutum nawa ne suka ɗaura takalmi?"

Kafin in amsa ya ci gaba. Ya ce su huɗu suke fita yanzu, kuma babu ko ɗaya da waya ta kawo. Malam Ado, ɗaya daga cikinsu, a masallaci Baffa ya lura da shi, ya ga ya rame, yana yawan shan ruwa da yawan sabunta alwala, sai ya ja shi gefe ya ce ya je a gwada jininsa. Daga baya kuma Baffan ne yake zuwa ya ƙwanƙwasa wa Malam Ado ƙofa ranar da bai gan shi a sahu ba. Ya ce kunyar wanda ke tsaye a ƙofar gidanka yana jiranka ita ce ke tayar da mutum ranar da jiki ya ƙi.

Na san akwai gaskiya a maganarsa, amma raina ya ɓaci, kuma ba da shi ba. A hanyar dawowa na buɗe wayata, bidiyo na biyu da ya fito mini na wani mai sayar da magani ne a jarka, fuskarsa tar a allo, yana rantsuwa cewa sassaƙensa yana kawar da suga gaba ɗaya, wai mutum ya ajiye maganin asibiti. Irin waɗannan ba sa jin nauyin nuna fuska, domin akwai kuɗin da za su samu, tattaki kuwa babu mai samun ko sisi a kansa. Ga wasu da yawa da ke ɓoye ciwon don kada a ce gado ne a gidan a guji auren 'ya'yansu, alhali gadon ne ma ya kamata ya sa 'ya'yan su sani da wuri su tashi tsaye. Idan masu gaskiya suka kau da kai, filin ya zama na masu jarka, kuma a asibiti ake ganin ƙarshen abin, lokacin da ƙafa ta riga ta lalace ko ƙoda ta gaza.

Akwai kuma abubuwan da daga bakin irin su Baffa kaɗai suke shiga kunne. Ba ya fita sai da dabino uku a aljihu, saboda mai shan ƙwayar maganin suga ta glibenclamide ko mai allurar insulin sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70 a tsakiyar hanya, ya ji jiri da gumi da karkarwa. Ba ya fita da silifas. Idan ya ci tuwon dare yakan ɗan zagaya layi kafin ya zauna, domin littafinsa ya nuna masa bambancin. Bai taɓa barin ƙwayarsa ba don yana tattaki. Bai damu da taku dubu goma ɗin da matasanmu ke gasa a kai ba, adadin da asalinsa daga tallar wata na'urar ƙirga taku ne a Japan a 1965. Shi agogonsa yake dubawa.

Goggo ta biyo ni har bakin ƙofa da kunun tsamiya marar suga, ta ce in dawo ranar Asabar, ƙila ya yarda a naɗi muryarsa kaɗai. Ban sa rai sosai ba, amma zan je.

Bayan isha'i na rubuta a zaure cewa a wannan makon ba hoton taku nake so ba, kowa ya faɗi dattijo ɗaya a gidansu ko a layinsu da zai je ya ɗauko su fita tare. Zauren da ya saba cika da saƙonni ya yi tsit na tsawon lokaci. Can sai Maman Khalifa ta turo saƙon murya tana tambaya ko surukarta ta shiga lissafi, tunda Hajiyar ba ta iya wuce tsakar gida saboda gwiwa. Na ce mata ta shiga, su fara da minti goma bayan abincin rana, kuma ta duba mata ƙafa kafin su fara.