Ragon Goggo da karatun da dusa ta yi mini

Na fito daga makaranta kaina cike da lissafin abincin dabbobi, amma ragunan Goggona guda shida a Kumo ta jihar Gombe ne suka zaunar mini da karatun. Ta saye su suna 'yan wata bakwai zuwa takwas, Yankasa huɗu da Uda biyu, da niyyar ta riƙe su har babbar sallah. Ta ce, "Ɗan nan, tunda abin da ka karanta ke nan, ga su nan, kai da su."

Rani ya riga ya yi nisa, harawa ta yi tsada, daji kuma ya bushe ƙayau. Sai dai a Gombe ba a rasa abin da injina ke fitarwa. Duk wanda ya san unguwar BCGA, wadda ta gaji sunanta daga kamfanin Turawa masu sayen auduga, ya san ƙarar injinan casar shinkafa da ƙamshin man gyaɗa. Ga dusar shinkafa, ga tunkuzar gyaɗa, ga ta angurya, ga dusar masara daga injinan surfe, ga dusar alkama da ake kawowa daga kamfanonin fulawa. Abin da mai inji ya gama da shi, daga nan mai kiwo ke farawa.

Lissafin bai yi mini wuya ba. Furotin ɗin dusar masara bai wuce kashi 10 cikin 100 ba sosai, na tunkuzar gyaɗa kuwa ya kai 40 ko fiye, rago mai tasowa kuma yana neman kusan 14 a cimarsa. Na haɗa huɗu na dusa da ɗaya na tunkuza. Da sikeli na auna, domin mudun dusa da mudun tunkuza ba nauyinsu ɗaya ba. Na shigar musu da haɗin sannu a hankali cikin kwana goma don kada ciki ya ɓaci, suka karɓa, gashinsu ya kwanta.

Daga nan na kauce. Ganin suna wawason dusa, ita kuma ta fi harawa araha, sai na riƙa rage harawar ina ƙara dusa. Goggo ta yi magana sau ɗaya. Ta ce rago ba kaza ba ne, yana son abin da zai tuƙa. Na ce mata lissafi ya fita daidai.

Wata safiya muka tarar da babban Udan ya ware gefe, ya miƙe ƙafafu yana nishi, fitsari na ɗiga ɗis-ɗis. Likitan dabbobi da ya zo bai daɗe yana dubawa ba ya ce tsakuwa ce ta toshe masa hanyar fitsari. Tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, dusa zalla kuke ba su?" Na san amsar tun a aji, na dai bar ta a littafi. Dusa da tunkuza suna da sinadarin fosfaros da yawa, na kalsiyam mai gina ƙashi kuma kaɗan, alhali jikin rago na son kalsiyam ya ninka fosfaros. In abin ya juye, ga ƙarancin shan ruwa, sai tsakuwa ta taru a mafitsara. Hanyar fitsarin rago siririya ce mai lanƙwasa, shi ya sa shi abin ya fi kamawa, ba tunkiya ba. Harawar wake da ta gyaɗa da na janye, su ne ke kawo kalsiyam ɗin. Kafin la'asar aka yanka shi. Har yau ina jin nauyin ragon nan, domin kuɗin adashen Goggo ne, kuma ba ta ce mini uffan ba.

Sauran biyar ɗin na mayar musu da harawa safe da yamma. Na ƙara gishiri kaɗan don su sha ruwa, da garin dutse mai kalsiyam da masu abincin kaji ke kira laimiston, ba farar ƙasar shafe ɗaki ba. Bokitin ruwa kuma bai sake bushewa ba.

Sayen kayan ma wani karatu ne. Dusar shinkafa ta gaske tana da laushi da maiƙo a hannu, amma wasu na niƙa buntu su gauraya, shi kuwa cika ciki kawai yake yi. Yanzu sai na murza a tafin hannu kafin a ɗinke buhu, kuma ba na tara ta da yawa don tana saurin yin yami. Tunkuzar da ta yi fumfuna ba ta shiga gidanmu komai araharta, saboda gubar da ke lalata hanta. Ta angurya kuwa ba na bai wa 'yan ragunan da ba a yaye ba, tana da wani sinadari da cikinsu bai isa ya sarrafa ba tukuna.

Ana saura mako biyu sallah muka kai biyar ɗin kasuwa. Abin da suka kawo ya rufe asarar Udan, da ɗan saura da Goggo ta sayi tunkiya mai ciki. Bana raguna takwas ne a turke. Ni ke auna haɗin a sikeli, ita kuma kullum da asuba sai ta shafa gadon bayansu, ta duba kashinsu, ta tsaya har ta ga kowanne ya yi fitsari.